Kan Roba

Ran Talata aka manna takardar
a ƙofar lakwal ɗin gyaran kai ta Mokoyo.
Ni ban san faransanci ba.
Sahura ce ta karanta mini, murya ƙasa-ƙasa
kamar mai kawo labarin rasuwa:
daga watan gobe, ba mai koyarwa a nan
sai mai shaida da hatimi.

Na dubi hannuwana.
Shekara talatin da huɗu suna tsaga gashi,
babbar yatsa ta kanta,
tsinke ya yi wa kansa kwari a gefen manuniya.
Wannan hatimin, in ji su, ba ya hawa takarda.

Ba zan ce dokar banza ce ba.
Na ga kan yarinyar nan ta Bagalam
da aka bar wa man miƙe gashi ya wuce lokaci,
fata ta saluɓe kamar tumatir a ruwan zafi.
Wadda ta shafa mata, mako uku ta yi tana koyo
ta buɗe shago, ta ɗauki ɗalibai.
Kwana biyu ban ci tuwo da daɗi ba.

To, na biya jika biyar na tambur,
na ɗauki hoto ba murmushi,
na hau kabu-kabu zuwa biro
da mashacina ƙulle a bakin zane.

Suka ajiye mini kan roba a bisa tebur.
Kai marar zufa, marar amosani,
ba ya cewa wayyo, ba ya gyangyaɗi,
ba ya ba ki labarin bashin da ake bin sa.
Ta ina zan san na ja da yawa?

Mai jarrabawar ta ɗago ido daga rajista.
Cima ce.
Cima, da na riƙe wa yatsu tana shekara tara,
tana yin shuku kamar hanyar shanu bayan ruwa.
Ta ce, Inna, minti arba'in.
Bironta yana rawa.

Na yi tsaga, na kama, na zuba kalaba.
Aka tambaye ni minti nawa mai ke yi a ka,
na ce ya danganta da kan.
Aka ce lamba ake so.
Na ce sha biyar, in gashin na da taurin kai,
amma ni ƙeyar yarinya nake kallo, ba agogo ba.
Cima ta rubuta sha biyar.
Sauran ba shi da gurbi a takardar.

Sakamako sai bayan salla.

Da yamma ta biyo ta gida, ta tuɓe ɗankwali,
ta zauna a tabarma tsakanin gwiwoyina
ba ta ce komai ba.
Na taɓa tsakiyar kanta, na ji ya fara sanƙo.
Wa ke yi miki kitso yanzu?
Ta ce, wata mai difilom.
Na ce, miƙo man.