Garkar Kawu Tsahiru

A shagon ɗinkina, nan Zango,
sama da teburin guga,
akwai garka a kan guntun katako.
Kawu Tsahiru ya zana ta
da ragowar fentin motocin Agadas,
shi ya sa ganyen lemunta
ya ɗan ja shuɗi.

Katangar jar ƙasa ta kewaye ta.
Daga baya duwatsun Birni sun leƙo,
sun yi tsugune kamar masu jiran a ce bismilla.
Dabino uku, gwaiba guda, fangalin albasa,
rijiya a tsakiya,
wasaki a bakinta, igiya ba ta bushe ba.

Shekara tara ina neman ƙofa.
Na bi katangar da tsinin almakashi,
kusurwa huɗu,
ko ƙyauren kara bai sa ba.

Masu kawo ɗinki, kowa da tasa.
Hajiya Yagana ta ce Aljanna ce, ta yi salati.
Wani malamin lakwal ya gyara tabarau,
ya ce kurkuku ne mai sanyi.
Yaron shagona ya ce fenti ne ya ƙare.

Ni inuwa nake kallo.
Ta dabino ta kwanta yamma, hantsi ke nan.
Ta gwaiba ta kwanta gabas, la'asar ta yi.
Kawu ya san rana, bai yi kuskure ba.
Yini guda ya kamo, ya ɗaure shi baki biyu
kamar buhun gero,
kada ya tsiyaye.

Sai takalma a gindin gwaiba,
ƙanana, na mace, ɗaya ya hau kan ɗaya,
yadda Falmata ke tuɓe nata
in tana sauri.
Ba ta cikin zanen.
Ba ta cikin gari ma, tun daminar da tafki ya cika.

Sau ɗaya na tambaye shi,
yana wanke buroshi da kananzir:
Kawu, ta ina ake shiga?
Bai ɗago ba.
Ya ce, wa ya gaya maka shiga ce damuwata?

Yanzu in an ɗauke wuta,
keke ya yi shiru, zufa ta sauko,
nakan ɗaga kai.
Ganye bai motsa ba.
Igiya na nan da danshinta,
takalman na nan,
ba wanda ya fita.