Abin da Cima Ta Faɗa Mini a Bakin Rijiya

Gaba goma sha huɗu na haƙa a bayan Garin Malam,
sai dagi ya yi tsalle ya dawo mini.
Dutsen Damagaram ba ya jin magiya.
Shekara talatin ina sauka ina hawa,
na ɗauka na san cikin ƙasa kamar aljihuna.

Cima ta zo hutu daga jami'a,
ta kawo fura, ta zauna kan jar ƙasar da na fitar.
Ta ce, Baba, duk zurfin nan naka
ko ɓawon albasa ba ka huda ba.

Ta ce a kan faifai muke zaune,
faifan dutse mai faɗin ƙasashe,
ƙarƙashinsa wani dutsen ne, mai zafi,
bai narke ba, bai kuma tsaya ba,
yana jan jiki kamar ƙaro a rana,
saurinsa saurin tsiron farce.

Na ce, to mu da ke tsakiya, ina ruwanmu?
Bakin faifai ne ke gugar ɗan'uwansa.

Ta ɗaga ƙwaryar furar, ta nuna mini ɗinkin uwarta.
Ta ce, in an matse ta daga baki,
ina za ta buɗe?
Tsakiya ma na da tsohon tabo.
Inda saiwar dutse ta yi kauri, ta yi sanyi, sai ta daure.
Inda ta sirance, nan nauyi ke taruwa,
shekara dubu ba ko tari,
rana ɗaya ƙasa ta yi gyatsa.

Wa ya shiga ya gani?

Ba kowa, in ji ta.
Kai da ka sayi tulu a Mirya,
ba ƙwanƙwasa shi ka yi ba, ka kasa kunne?
Girgizar nesa ita ce yatsan,
mu namu saurare.

Da ta tafi na koma ramin.
Ban ɗauki dagi ba.
Na manna kunne a jikin dutse
kamar ungozoma a cikin mai wata bakwai.
Ban ji komai ba, sai bugun jinina
da guga na kaɗawa can sama.

Har la'asar, in zan aza ƙafa,
sai na aza ta a hankali.