Goshin Jirgi

Ka zo mini tun da asuba, Nomau,
da inji a kafaɗa kamar mai kai ɗa asibiti,
ka dire shi gaban rumfata nan Gamkalle
ka ce in buɗe cikinsa.
Ba zan buɗe ba.
Jiya na saurari kukansa daga gaɓa,
lafiyarsa ƙalau, ya ma fi ni numfashi.

Ka ce da ka ba shi wuta sai ya ƙwala ihu,
ruwa ya tafasa fari fat a bayanka,
jirgi kuwa ko gezau,
kamar jakin da ya hango rami.
Iska ce farfelarka ke sha.
Don cizon ruwa aka ƙera ta,
kai kuma ka ɗage ta don tsoron yashi,
har da ƙarin katako biyu a mazaunin inji.
Na san dalili. Rani ya yi nisa,
kogi ya rame har haƙarƙarinsa sun fito,
yara na tsallaka shi da riga a ka.
Duk da haka cire katako ɗaya.
Yatsu biyu kawai take nema, ta nutse, ta sami abin riƙewa.
In za ka karya kwana wajen tsibirin dorinai
sassauta hannu tukuna, kada ka fizge.

Miƙo ta nan.
Dubi bakin fiffiken nan, sun gaisa da dutse.
Ga zaren koma ya naɗe mata wuya, ga saiwar kainuwa.
Zan buga, zan bi da magagari.
Karɓi ƙusa, ja layi daga cibiya zuwa gefe.
In ka dawo ka ga layin ya rabu biyu
robar ciki ce ta saki,
sai mu nemo wata a kasuwar Katako.
Jaka guda zan karɓa, ko karfasa uku,
duk wanda ya zo maka da sauƙi.

Saura zancen goshi.
Ka ce jirgi na ɗaga kai kamar mai duban wata,
ba ka ganin gabanka, gindi na sharar ƙasa.
Ka ce bara ba haka yake ba,
ko wani ne ya sa maka hannu.
Zauna, Nomau. Ga shayi.
Bara wa ke zama a goshi?

Shekara talatin ina ganin Tankari a wurin nan,
ƙafa ɗaya a naɗe, gora a hannu,
yana nuna maka hanya da haɓa, ba ya magana.
Ba shi da jiki, bai fi buhun shinkafa ba,
amma shi ke danne kan jirgin.
Tun ranar da muka kai shi Yantala muka dawo ba shi
ka kwashe komai ka tara a bayanka,
jarkar esansi, koma, dutsen ɗaure jirgi, har kwanon tuwo,
ka bar wurinsa fayau
kamar masallaci ya tafi, yanzu zai dawo.
Ina lura, ban ce komai ba.
Ni ma wata shida na yi ban taɓa kujerar babana ba.
Sai dai jirgi bai san makoki ba,
nauyi kaɗai ya sani.

Mai da jarka gaba. Mai da koma.
Cika buhu da yashin nan da kake tsoro
ka ɗora inda yake zama.
Ko ka ɗauki ƙanenka Illa, ai ya isa,
kullum ina ganinsa yana jifan ƙadangaru bayan makaranta.
Ƙafar injin kuma, matso da ita ciki rami ɗaya,
kada ta riƙa harbin sama.

Tashi, hantsi ya ɗaga,
matan Saga na can da tasoshi suna jira.
Bar kuɗin sai ka dawo.
In ka shiga ƙarƙashin tsohuwar gada ka ba shi wuta a hankali,
daga nan zan ji ko ta kama ruwa.