Talatar Shirwa

Nomau, ajiye mana Talata.
Na yi magana da mai motar Tabalak,
jaka biyu kowa, in mun yarda da kujerar baya
kusa da buhunan albasa.

An gama yankan hatsi a Adar,
fara ta cika karmami,
kuma ka san abin da ke bin fara.
Jiya da la'asar na ƙirga bakwai bisa tankin ruwan Tawa,
suna juyi kamar ana dama fura a sama,
ko sau ɗaya ba su kaɗa fiffike ba.

Na san me za ka ce:
"Shirwa? Wadda ta sure ɗan tsakon Inna Tabawa?
Ita za mu biya kuɗin mota mu gano?"
Ba ita kaɗai ba.
Akwai shaho mai ruwan toka
da ya ƙetaro hamada da cikinsa wofi,
ba guzuri, ba takardar hanya.

Na aro madubin hange wurin Illo na gandun daji.
Ido ɗaya ya tsage, sai mu yi karɓa-karɓa da ɗayan.
Zo da butar shayi da gawayi,
ƙuli-ƙuli da tabarma suna wuyana.

Mu isa bakin tabki da hantsi,
sa'ad da ƙasa ta ɗau zafi, iska ta ɗaga su.

In ba su zo ba fa?
To, mun kwanta rigingine mun kalli sama yini guda.
Rabonmu da haka
tun muna kiwon awakin Baba.