Gurbin Randa

Mutari ya aiko da kuɗi daga Agadas,
ya ce a fasa daɓen ɗakin uwarsa, a sa karo,
fari mai jijiyar toka, kwali tara.
Na saɓa guduma, Zabeiru ya tura baro,
muka bi lungun Birni da mota ba ta shiga.

Bugun fari, guduma ta dawo mini.
Daɓe ja kamar taunannen goro,
makuba ta ratsa shi har ɓargo.
Iya Barira na bakin ƙofa bisa tabarma,
idonta ya yi hazo, kunnenta garau.
Ta ce: yaro, mu sha ɗaya muka buga shi,
tun hantsi har la'asar sakaliya,
saura ni da Tabawa, ita ma ba ta tashi.

Ban ce komai ba. Aiki na zo.

Muka ɓamɓare shi fala-fala kamar ƙanzo.
Ga dala guda ta tsatsa,
ga tsakiya shuɗiya,
ga sawun kaza da ta taka shi yana ɗanye,
an cinye ta tun ban zo duniya ba.
A kusurwar gabas wani ɗan kwari,
zagayayye, sumul, inda randa ke zama.
Nan hannuna ya yi nauyi.

Muka jiƙa karo cikin rabin tano,
ruwan ma sai da ga-ruwa ya ja mana rai.
Na ja zare daga ƙofa zuwa bango,
bangon ya ƙi zaren,
ginin Birni bai san miƙe ba, sai lallashi.
Yashi uku, siminti ɗaya.
Shimfiɗa, ɗora, ƙwanƙwasa, saurara:
wanda ya amsa kamar ƙwarya, rami gare shi,
ɗaga shi tun bai kunyata ka ba.
Tsinken ashana tsakanin kowane biyu.
Wuta ta ɗauke, muka yanka na gefe da hannu,
Zabeiru ya fasa uku, ya ce santsi ne.

Rana ta huɗu ta shiga da sanda.
Ƙafarta na lalube, ba tudu ba gangare,
ko'ina sanyi ɗaya, ko'ina santsi ɗaya.
Ta tsaya tsakar ɗakinta kamar baƙuwa
tana tambayar ina gabas.

Sai diddigenta ya faɗa kwarin.
Na bar shi, faɗin karo guda,
na zagaye shi da farin siminti.
Ta murza shi da tafin ƙafa, ta murza,
ta ce a miƙo mata randa.

Da dare Mutari ya kira.
Na ce karo ya kasa da ɗaya, Alhaji.
Yana nan ƙarƙashin gadona,
cikin kwalinsa,
ko ƙwarzane babu.