Akwatin Sallau

Da muka kwashe ɗakin kakana a Unguwar Shanu,
bayan sadakar arba'in,
ƙarƙashin gado muka tarar da akwatin ƙarfe
cike da gilasai, kowanne a naɗe cikin tsohuwar jarida.

Na ɗaga ɗaya wajen hasken taga.
Sarki ne, amma duniyarsa a juye:
rawani baƙi ƙirin, fuska fara fat,
idanu kamar garwashin da toka ta rufe.

Sallau sunan kakan nawa.
Yaron shagon Baba Oyewole ne, can kusa da tashar jirgi.
Shi ke saɓa ƙafafun kyamara a kafaɗa
duk sa'ad da sarakuna suka sauka Kaduna zaman majalisa.
Shi ke rataya labulen da aka zana wa bene da tulun furanni,
benen da ba ya kai kowa ko'ina.

Maigida ya shige cikin baƙin ƙyalle,
shi kuma ya durƙusa ya ce,
"Ranka ya daɗe, kada a motsa."
Yakan ce mana a faɗin ƙasar nan
mutum biyu ke ba sarki umarni ya bi:
wanzami da mai hoto.

Ga wani nan, amawali ya rufe masa baki,
sai idanu ke mulki.
Ga wani da lambar Turawa a ƙirji,
ta ja alkyabba gefe guda don nauyi.
Ga dogari a baya, ya kasa haƙurin ƙirga biyar,
ya kori ƙuda,
ya zama hayaƙi har abada.

Daga baya gilashi ya tafi, fim ya zo.
Aka kawo mai launi,
jan kilishi ya fito ja, koren laima kore.
Sarki ya shiga kalanda,
ya hau bangon kotu da na mai shayi,
yana kallon kowa, ba ya ƙiftawa.
Sallau bai so wannan ba.
Ya ce hoton da ba a jira shi ba,
ba ya jiran kowa.

Wata shekara aka sauke wani sarki.
Da asuba masinja ya zo da keke,
firam goma sha biyu ɗaure da igiya:
a cire wancan, a sa sabon,
katakon dai na hukuma ne.
Sallau ya zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya,
bai yaga ko guda ba.

A ƙasan akwati, gilashi na ƙarshe,
tsage a kusurwa, an rubuta "kada a wanke".
Na kai Kasuwar Barci wajen wani yaro mai kwamfuta,
ya juya mini baƙi ya koma fari.

Sarkin da aka sauke ne.
Amawali ya zame,
kai ya karkace, haƙora a waje har da giɓi,
yana dariya irin ta mutumin da ya manta ko shi wane ne.
A gefe, rabin hannu ya shigo hoton,
siriri, yana tare labule kada ya faɗi.

Na san wannan hannu.
Shi ya riƙe ni ranar da na fara tsallaka titi.

Me ya faɗa wa sarki, ban sani ba.
Shekara talatin muna ci a kwano ɗaya,
ban taɓa tambaya ba.