Tsingaro

Da Ɗantani ya dawo Umra
bai kawo min dabino ba, hoto ya kawo a waya:
ƙofofi a jikin tsauni, can arewa da Madina,
an fafe dutse kamar ƙwarya.
Ya ce, "Kufan Samudawa ke nan.
Masu bincike na share yashi da buroshi,
kowane ƙashi da lambarsa."

Na ce to.

Washegari na koma gonata bayan Bunza,
inda kaka ke cewa dā akwai gari.
Babu ƙofa, babu rubutu,
sai kuka uku da ramin marina da ya cike.

Garmata ta daki wani abu.
Bakin tulu ne, ja, da zanen igiya a wuya,
daga ciki kuma, inda maginiya ta danna yumɓu,
sawun babban yatsa.

Na ɗora nawa. Ya ɗan fi nata faɗi.

Ban san sunanta ba.
Ban san ko yaƙi ne, ko fari,
ko rijiya ce ta ƙafe suka watse.
Nan ba mai zuwa da buroshi.
Na goge shi da bakin riga,
na jingine shi gindin kuka,
na koma huɗa, don hadari ya taso gabas.